Kwarin Baba da Rarrahen Ɗiyata

Tun ɗiyata ba ta iya zama ba nike jin tsoron kwarin Baba. Baba shi ne uban maigidana, mahalbi ne tun ƙuruciyatai, kwari kuwa shi ne gidan hwatar da yake zuba kibau ciki. Kibau nai duka da dahi, baƙi ƙirin mai danƙo, wanda yake dahwawa can bayan gari inda mace ba ta zuwa. Dā can bisa yake rataye kwarin, kusa da ruhin ɗaki. Da kahwaɗa ta hwara yi mishi ciwo sai ya sauko da maratayin. Ni dai in na wuce ƙohwar ɗakin sai na auna da ido: daga ƙasa zuwa gindin kwari bai hi tsawon yaro mai koyon tsayuwa ba.

Garinmu yana gindin dutsi, tsakanin Keita da Ibohaman. Shekarun nan ne ake ɗibar samari ana kai su yaƙin Nasara. Maigida dai Allah ya sa ba a ɗauke shi ba, don haka tsorona duka ya tattaru a kan kwarin nan. Ko naman barewar da Baba ke kawowa na bar ci tun da na haihu. Na san suna yanke wurin da kibiya ta shiga su rihe a rami, kowa na ci yana kwana lahiya, amma ni sai in ga kamar dahin zai bi nonona. Rabona sai in tura ma maƙwabta a ɓoye.

Da damina ta yi nisa yarinyar ta hwara rarrahe. Na koma goya ta wuni zubur, ina daka da ita, ina ɗiban ruwa da ita, tana halbin bayana tana ƙara. Ba ni da bakin gaya ma Baba. Suruka ba ta tsayawa gaban uban miji ta ce ga abin da ba ta so. Ko gaisuwa daga nesa nike durƙusawa. Sai na gaya ma maigida.

Ashe shi ma yana da tashi damuwa. Bara Baba ya dawo daga daji da gwiwa kumbure, hannu banza. Daren da na gaya mishi, da anka gama cin tuwo ina jin su daga bayan danga, maigida ya ce, "Baba, halbin nan ya isa haka nan. Ga awaki, ga zabi. In nama kake so a yanka."

"Akuya da ke ɗaure ga turke," in ji Baba, "ita ma nama ce?" Can ya ce, "To. In anka gama yankan hatsi zan hita sau guda. In na dawo hannu banza, ɗauki bakan ka yi ma awakin naka turke da shi."

Daga ranar gidanmu ya zama wurin kallo, don Baba ya hwara gwajin burtu a tsakar gida. Burtu tsuntsu ne babba baƙi, mai tahiya ƙasa yana kiwo cikin bareyi, ba su gudu nai. Mahalbi sai ya ɗaura kan burtu a goshi, ya ruhu da baƙin zane, ya duƙa yana ɗaga kai yana sarar ƙasa, har ya kai kusa da nama. Baba ya ɗaura nashi, wanda ya sha hayaƙi har ya yi ƙyalli, yana zagaya rumbu a duƙe. Inna, matatai, tana zaune tana kaɗi.

"Kai tsoho, wane burtu ne gwiwatai ke ƙara haka? Tun daga Bangi bareyi za su ji ka."

"Ke dai yi kaɗinki. Da wanga burtun na ciyar da ke har haƙoranki sunka zube."

"Sun zube ne don naman da kake kawowa tauri gare shi, sai tsohhin bareyin da sunka gaji da gudu."

Wata sahiya na sauke yarinyar don in aza tukunya. Ina juyowa na gan ta bayan Baba, shi yana rarrahe, ita tana rarrahe, tana ƙyalƙyala dariya tana son kama gehen zane. Ya lura da ita, sai ya riƙa tsayawa yana sara mata ƙasa da bakin burtun. "Amaryata ta biyo ni daji," in ji shi, don haka kaka ke kiran jikatai. Ni ma na yi dariya. Sai ya nuhi ɗaki nai, ta bi shi, ta dahwa bango ta miƙe, hannunta yana lilo ƙarƙashin kwari.

Ban san sa'ad da na yar da ƙwarya ba. Na ruga, na shiga ɗakin da ban taɓa taka ba, na hizge ta ina kururuwa, kaina ba kallabi, a gaban uban mijina. Baba ya cire burtun. Ya dubi kwari, ya dubi yarinyar, bai dube ni ba. Na hito kunya kamar in nutse.

Washegari munka ga hayaƙi bayan gari. Da hantsi ya dawo ya zauna gindin rumbu yana goge kibau da rairai, bakunansu hwari tas. Ya ƙone dahin duka, tukunyar dahin ma ya hwasa ya rihe. Inna ta riƙe baki.

"Ba dahi za ka? Dā ko a cinya ka ƙwarzane barewa sai ta hwaɗi. Yanzu sai ka matsa har ka ji tana tauna, kuma sai ka samu haƙarƙari."

"To ai idon nawa ma kusa yake so," in ji Baba.

Sai tsorona ya juya. Na ga ni ce na sa za a yi turken awaki da bakan mutum.

Anka gama yankan hatsi. Ranar da ya hita, ni da Inna muna gonarmu ta hwadama muna tsinkar sauran wake, yarinyar a bayana tana kwana. Mun san bareyi na saukowa daga dutsi su ci harawa a gehen gonar, Inna ma don haka ta ce mu zo, ko da yake ta rantse wake ne ya kawo ta. Rana ta ɗan ɗaga sai ta ja mini zane, munka laɓe bayan tarin kara. Ga bareyi can, jajaye, suna ci suna kaɗa wutsiya. Ga kuma wani burtu yana hitowa daga cikin sabara.

Wallahi da ban san zanen ba da na rantse tsuntsu ne. Ya taka, ya tsaya, ya sari ƙasa, ya juya kamar bai ma san da su ba. In wata ta ɗaga kai sai ya yi nesa kaɗan yana kiwo nai. In ta sunkuya ya matso. Ya kai inda Inna ta ce dā daga nan yake saki, ya wuce.

"Halba mana, tsohon banza," in ji Inna cikin raɗa, ta danƙe mini hannu har ina jin akaihunta. "Ko so kake ka gaishe su?"

Ni addu'a nike kar yarinyar ta motsa, kar gwiwa ta yi ƙara. Ya matsa, ya ƙara matsawa, har ya zama kamar yana cikin garken. Ban ga sa'ad da ya ja tsarkiya ba. Na dai ji "tas", garken ya watse, guda ta yi tsalle ta ruga kaɗan ta hwaɗi. Inna ta tashi ta saki guɗa.

Amma burtu bai tashi ba. Yana nan duƙe, sai murya ta hito daga ƙarƙashin zane: "Ke tsohuwa, bar guɗa ki zo ki tashe ni! Gwiwa ta ƙi! Maza kar ta mutu ban yanka ba!"

Munka ruga. Ni ma na manta da kunya, na kama hannu guda, Inna guda, munka ja shi yana ɗingishi, kan burtu ya karkace ya ruhe mishi ido, yana ta bismilla, Inna na dariya har da hawaye. Ya samu barewar da rai, ya yanka.

Da la'asar gida ya cika da ƙanshi. Baba da kai nai ya gasa hanta da wani yanki na gadon baya, ya zuba a akushi, ya zo har kusa da murhuna, abin da bai taɓa yi ba. Ya aje gaban yarinyar, ya ce da ita, "Amaryata, gaya ma uwarki wanga ba dahi. Ta ci, ta bar ƙosar da maƙwabta." Ashe duk ya sani. Na sunkuyar da kai, na ci, na side yatsu.

Maigida ya ce, "To Baba, ka gama da kyau, sai a aje."

"Wa ya ce na gama? Turkenka ka nemi icce." Amma da kai nai ya yanka ma kai nai iyaka: ba hawan dutsi, ba kwanan daji, sai gehen gona bayan kaka, kuma sai da mai tashe shi. Inna ta ce ita dai ba ta auri burtu ba, amma kowace kaka ita ke riga shi isa gehen gona da ƙwaryar wake. Kwarin ma ya sa maigida ya mayar can bisa, don ko ba dahi kibiya na da tsini.

In akwai tsohon mahalbi a gidanku, ina roƙonku, ku ɗaga mishi kwarin inda hannun yaro ba ya kai, ku bar mishi bakan, kuma in zai hita wani ya bi shi don gwiwar.