Tambayar Gwaggo Hajo a Bakin Gulbi

Matso kusa ka ji, mai karatu. Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Gwaggo Hajo, ƙanwar babana da ta rene ni a Tounouga. Ta rasu ana sauran kaɗan Nasara su tafi. Allah Ya ji ƙanta.

Bandar kifi ce sana'arta, kuma ƙwari na damun tabarmin shanyarta. Ba ta wanke su, ba ta kakkaɓewa. Sai ta nemi inda kwarkwasa suka yi hanya, ta shimfiɗa musu. Kafin la'asar sun share tabarmi tas. Amma ba ta taɓa gayyato su ba sai ta kewaye ɗakin kifi da toka. Na ce, "Gwaggo, ba aiki suke miki ba?" Ta ce, "Ke dai! In sun gama da tabarma, me za su ci?"

Me ya tuno min? Wata ciyawa ce mai kama da kainuwa, mai fure shuɗi-shuɗi, wadda Gwaggo ba ta taɓa gani ba. Ta rufe mashigin da Gwaggo take sayen kifi a da, jirgi ba ya ratsawa, taru ba ya nitsewa. Fadamar shinkafar da ta bar min tana nan gefe, da ita nake ci da jikoki.

Sai ga ma'aikatan gona da ƴan ƙwari baƙaƙe a roba, kamar na cikin rumbu. Wai daga ƙasar da ciyawar ta fito aka samo su, su ci ganyen, tsutsarsu ta huda kara. Ni da ba na fita, na yafa zane na je kallo. Ban san lokacin da bakina ya ce, "In sun gama, me za su ci?" ba. Shugabarsu ta ce, "Inna, an gwada su da shinkafa. Gara su mutu da yunwa da su ci ta."

An zuba su. Ganyen ciyawar ya fara tabo-tabo, shinkafata lafiya lau har yau. Da Gwaggo na nan, na san za ta tsuguna ta juya ganyen, ta yi dariya, sannan ta nemi toka.

Abin da ta bar min ke nan: ban ƙi baƙon ma'aikaci ba, amma kowace safiya sai na duba shinkafa. To kai fa, ina ake zuba toka a kan ruwa?