Kunamar Ruwan Malam Sambo

Malam Sambo ya yi shekara arba'in yana su a gulbin Kalgo kafin ciwon gwiwa ya raba shi da jirgi. A duk shekarun nan sau biyu kacal ya ga kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi kamar faifai da ƙari a wutsiya. Duka biyun launin laka gare su, ba ado.

Wata damina sai Abdulhakeem, ɗan ƙanensa mai sayar da kifin ado a Legas, ya zo da kunamar ruwa guda biyu, mace da namiji, irin na ƙasar waje. Bayansu ɗigo-ɗigo ne, amma ɗigon ya koɗe kamar tsohuwar atamfa. Ya sa aka gina musu tankin siminti a gindin mangwaro.

"Baba, ka riƙe mini su," in ji shi. "Kai ka san halin ruwa."

Sambo ya ajiye abincin kifi na gwangwani da aka bar masa a gefe. Ya riƙa ba su tana daga fadama da jatan lande da tsofaffin abokan sana'arsa ke kawowa. Bayan la'asar yakan zauna a bakin tankin, yana kallon yadda suke shawagi a ƙasan ruwa, gefen jikinsu na kaɗawa kamar mayafi a iska. Wani lokaci sai ya ji kamar yana cikin jirginsa, ruwa na tafiya da shi a hankali, ba ya ko tuƙi.

Kafin kaka ta wuce ɗigon ya farfaɗo, ya yi ja kamar manja, kowanne da baƙin zobe kewaye.

"Abinci ne, Larai," ya ce wa matarsa. "Abin da ka ci shi ke fita a fatarka."

Larai, mutuniyar Gwandu da ta tashi cikin shanu, ta leƙa tankin ta koma kan aikinta.

Bayan shekara macen ta haifi 'ya'ya huɗu, kowanne kamar tafin hannu. Uku suka yi ja yadda ake so. Na huɗu ɗigonsa fari ne tas. Sambo ya ware shi a baho, ya ninka masa jatan lande wata uku. Ya yi ƙiba, farin ya ƙara haske, amma ja bai zo ba.

"Malam, bar wahalar da kanka," in ji Larai. "A garken babanmu jar saniya ta sha haifar farin maraƙi. Wannan wani kakansa ya ɗauko."

Sambo ya daɗe yana duban ɗan kifin, yana tunanin wani gulbi mai nisa da bai taɓa gani ba, da wata farar kunama kwance a yashinsa.

Da Abdulhakeem ya dawo ɗaukar 'ya'yan, ya tafi da uku. Farin, Sambo ya ce a bar masa.