Rijiyar Ƙauyen Kawuna

Da za a ba ni dama in goge rana ɗaya daga rayuwata, ba zan yi dogon tunani ba. Ranar da na tsaya tsakanin kawuna da wani injiniya Ba'indiye na ce babu matsala, ita zan goge. Da bakina na hana ƙauyen mahaifiyata rijiya. Ba sayena aka yi ba, ba kuma tsorata ni aka yi ba. Suna ɗaya ne na Turanci ban sani ba, na kuma ji kunyar a gane ban sani ba.

Karatuna bai wuce babbar firamare ba. Jim kaɗan bayan samun 'yancin kai aka ɗauke ni masinja a wani ofis a Jimeta, ina tuka keke tsakanin Jimeta da cikin garin Yola da takardu a jaka. Saboda ina jin Fulatanci da Hausa, ga kuma ɗan Turancin da na tsinta a baranda, sai aka riƙa kira na in yi tafinta idan babu kowa. A hankali abin ya zama aikina. Aka ba ni kaki mai aljihu biyu, na soka biro uku a ɗaya, duk da guda ɗaya ne kawai ke rubutu. A unguwarmu har tsofaffi suka fara ce mini malam, ni kuma ban hana su ba.

Da aka raba jihohi, hedkwatarmu ta tashi daga Kaduna ta koma Maiduguri. Bayan yaƙin basasa ya ƙare kuɗin mai ya fara shigowa, rediyo kullum sai maganar raya karkara. A lokacin ne aka ce za a haƙa rijiyoyin kankare a ƙauyuka, amma ba za su ishi kowa ba, sai inda abin ya fi tsanani. Aka turo injiniya daga Maiduguri ya zagaya ya gani da idonsa. Mutum ne siriri, mai saurin magana, kullum idonsa a kan agogo. Yana riƙe da fom mai gida biyu a gaban sunan kowane ƙauye, gidan akwai matsala da gidan babu matsala. Ni aka haɗa shi da ni, da direbanmu, wani dattijo mutumin Numan, tsohon soja, wanda ba ya barin kowa ya huta da tsiya. Shi ya sa mini suna Malam Turanci.

Ƙauye na shida a jerin shi ne na kawuna, yayan mahaifiyata, can bayan Damare. Shi ne jauron ƙauyen, wato mai gari. Na san wurin kamar tafin hannuna. Kogi ya yi musu nisa, tafki ɗaya suke sha, su da shanu. Kowace shekara, daidai lokacin da ake buƙatar kowa a gona, kurkunu ke kwantar da rabin mutanen. Ƙafa ta kumbura, ta fashe, farin zare ya leƙo, a riƙa naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Ni kaina akwai tabonsa a idon sawuna na hagu. Duk cikin motar nan babu wanda ya kai ni sanin cewa ƙauyen nan ya cancanci rijiya.

Da yake an aika musu za mu zo, sai suka yi abin da mutanenmu ke yi wa baƙo. Aka share fili, aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya. Masu ciwon ƙafa duk aka shigar da su ɗaki, don ba a tarar baƙo da gurgu. Ruwan tafki kuwa ba a kawo shi ba ko kusa, kindirmo aka kawo a sabuwar ƙwarya. Injiniya ya kurɓa, ya gyaɗa kai, ya ce mutanen nan suna cikin ni'ima.

Kawu ya fara gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi Maiduguri, ya tambayi ƙasar baƙon da ko ana samun ruwan sama a can. Injiniya ya duba agogo sau biyu, ya ce da ni in tambaye shi kai tsaye ko suna da matsalar ruwa.

Na sunkuya na tambaya da Fulatanci. Kawu ya dubi ƙasa ya ce, "Jam koo ɗume." Wato lafiya lau, ko ta wace fuska.

Duk wanda ya tashi a Yola ya san wannan ba amsa ba ce. Bafulatani ko gidansa na cin wuta, ka tambaye shi, jam zai fara ce maka. Sai ka zauna, ka sake tambaya, ka sake, sannan ya kawo maganar ta gefe, ya ƙanƙanta ta, kai kuma ka faɗaɗa ta da kanka. Kawu ma haka ya yi. Can sai ya ƙara da cewa, a hankali, "Sai dai ɗan abin nan na ƙafa, da ke taɓa yara da damina. Kai ma ka san shi."

Na buɗe baki in fassara, sai na tarar babu kalmar. Na san ruwa da Turanci, na san ƙafa, na san ciwo. Kurkunu ne ban sani ba. Na lalubi kaina ban samu ba. Ga mutanen ƙauye sun zuba mini ido, ɗansu mai biro uku. Ga direba ya jingina da mota yana murmushi. Ga injiniya ya ɗora biro a kan fom yana jira. Akwai kuma wani abu da sai daga baya na yarda da shi: ban so baƙo ya san cewa dangina tsutsa ke fita daga jikinsu.

Na ce masa da Turanci, "Ya ce babu matsala."

Ya ja layi a gidan babu matsala, ya miƙe, ya gode wa kawu da hannu biyu. Gaba ɗaya ba mu yi rabin awa ba.

A hanya direba ya dube ni ta madubi ya ce da Hausarsa, "Malam Turanci, tsoho ya yi magana dogo, kai ka yi gajere. Sauran ka sa a aljihu ne?"

Na ce, "Gaisuwa ce kawai."

Ya ce, "Gaisuwa? Ni ba na jin Fulatanci, amma na ji wari. Wannan gari akwai ciwo a ciki. A bariki mun san shi."

Na ce ya kula da tuƙinsa. Ya yi dariya ya ce, "To, oga. Mota nawa ne, kawu naka ne."

Da a nan na ce a tsaya, da an gyara. Injiniyan yana zaune a gaba, hannu kawai zan miƙa in taɓa kafaɗarsa. Ban yi ba. Na ce a raina gobe zan tambayi malamin asibiti sunan ciwon, sannan in je in faɗa masa cikin tsari. Washegari aka aike ni cikin gari. Jibi kuwa injiniya ya kama hanyar Maiduguri da fom ɗinsa.

Da rani ya shigo aka fara haƙa. Ƙauyukan da ke da bakin magana suka samu. Wani ƙauyen da mai unguwarsu ya yi ta ihu yana buga ƙasa, har rijiya biyu aka yi musu, alhali suna bakin kogi. Motar ma'aikata ta bi ta gefen ƙauyen kawuna ta wuce, yara na ɗaga mata hannu.

Daga nan na shiga neman gyara, kuma a nan na san gwamnati. Na je wurin babban akawu na ce an yi kuskure. Ya ce, "Kuskuren wa?" Na ce na fassara. Ya ce, "To ka rubuto." Na rubuta, wani malamin makaranta ya gyara mini, a wurinsa ma na fara jin sunan ciwon da Turanci, kalma biyu ƙanana da ko ɗan aji uku zai iya riƙewa. Aka ce takardata ta tafi Maiduguri. Bayan wata uku na tambaya, aka ce ana dubawa. Na sake tambaya, aka ce injiniyan ya gama kwantiraginsa ya koma ƙasarsu, wanda ya gaje shi kuma da abin da ke cikin fayil yake aiki, fayil kuwa ya ce babu matsala. Na ce ni ne na faɗi haka, ni ne kuma nake cewa ƙarya ne. Akawu ya ce, "Malam, maganarka ta farko tana da hatimi, ta biyu ba ta da shi."

A wannan shekarar aka yi shirin zuwan wani babban baƙo. Da idona na ga an shafa wa duwatsun bakin titi farar ƙasa tun daga Jimeta har Yola, an kafa ƙofar katako mai ado wadda aka rushe bayan kwana biyu, an ɗinka wa 'yan makaranta tutoci. Simintin da aka zuba a dandalin da baƙon ya tsaya na minti kaɗan, ni dai a idona ya isa rijiya. Ni ne ma na yi tafinta a wurin. Baƙo ya ce jama'a suna cikin jin daɗi, na juya da Fulatanci na faɗa, aka tafa.

Duk wannan lokacin ban taka ƙauyen ba. Idan mahaifiyata ta ce in je in gaida kawu, sai in ce aiki ya yi yawa. Ta wurinta nake jin labari. Damina ta biyu kurkunu ya kama kawu a gwiwa, wuri mafi muni. Gonarsa ta dawa ciyawa ta cinye. Matarsa, wadda ta goya ni ina jariri, guda uku suka fito mata lokaci ɗaya. Da ciwon kawu ya warke, gwiwar ta ƙage, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, aka ce ina da baƙo a waje. Na fito na tarar da shi a gindin dalbejiyar ofis, an sauko da shi daga kan jaki, ƙafar a miƙe kamar itace. Na durƙusa. Muka yi gaisuwa mai tsawo. Na tambayi jiki, ya ce jam. Na sake tambaya, ya ce jam. A karo na uku ya ce, "Na zo ne in ji ko baƙonka ya manta da mu. Mutane suna tambayata, ni kuma na ce musu ɗanmu na ciki, ba za a tsallake mu ba."

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, in ce Maiduguri ce ta hana. Da ya yarda, don kowa ya san halin Maiduguri da nisa. Amma na dubi gwiwar, na kasa. Na faɗa masa duka. Na ce baƙo bai manta ba, bai ma taɓa ji ba. Na ce ban san sunan ciwon da Turanci ba.

Ya ce, "Shi ke nan abin? Suna?"

Na ce, "Shi ke nan, kawu."

Ya ce, "Ɗan ƙanwata, bakinka bai iya ba, na ji. Yatsanka ma sai ya yi makaranta? Ɗakin da muka sa masu ciwon yana bayanka, taku goma. Ko wandonka ka ɗaga masa ya ga tabonka."

Bai ɗaga murya ba. Ya ma ƙara da cewa su ma da laifinsu, da suka ɓoye marasa lafiya kamar kayan sata. Ya ce a ɗora shi a jaki. Na ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce rana na yi. Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba, bai kuma faɗa wa mutanen ƙauye ba. Ya bar su suna zagin gwamnati, ni kuma suna ce mini malam.

Da aka sake raba jihohi, Yola ta zama hedkwata, na yi murna na ce yanzu fayil ya dawo gida. Na je nema, aka ce wasu takardun sun taho, wasu suna can, wasu ruwa ya taɓa su a hanya. Ƙauyen bai ga rijiya ba sai bayan shekaru masu yawa, kawu na ƙasa. Yaran da aka haifa tsakanin zuwan injiniya da zuwan rijiyar, da yawansu na san su, na san yadda suke tafiya.

Yanzu ina zaune a Bekaji wurin ɗana, ba na fita sai a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Aikina sauraron rediyo. Ina jin ana karanta kasafin kuɗi, ina jin manyan ƙasashe sun yi taro a kan talauci, ina jin an turo tawaga ta zagaya ta gani. Sai kuma in ji wani mai magana da yawun wani ya ce komai na tafiya daidai. Jikokina suna mamakin yadda nake yi wa rediyo tsawa. Ba shugabannin kaɗai nake jin haushi ba. Na san a kowace tawaga akwai wani ƙaramin ma'aikaci a tsaye a tsakiya, ɗan garin, wanda ya san gaskiya sarai, shugaba kuma abin da ya faɗa masa shi zai rubuta.

Da shi nake magana, ko malamin asibiti ne, ko mai ƙidaya, ko wakilin unguwa, ko wadda aka ba waya ta ɗauki bayanai. Idan mutanenka suka ce lafiya lau, kada ka miƙe, zauna ka sake tambaya. Idan aka zo wurin da iliminka ya ƙare, ka ce ban sani ba da ƙarfi, kowa ya ji, a yi maka dariya. Sannan ka kama hannun baƙon ka kai shi ɗakin da aka rufe. Ina roƙonku don Allah, kada wani ya sake yin abin da na yi.