Kafinta a Gaban Ayarin Kekuna

Shekara ashirin da biyu Kafinta ya yi yana taka keke kafin ya san cewa tafiya cikin ayari wani aiki ne daban. Kekensa baƙi ne mai nauyi. Da shi yake zuwa shago, da shi yake kai wa mutane kujera ko ƙofa, ɗaure a baya da igiyar roba. Tun yana ƙarami yake da in'ina. Kalma takan tsaya masa a baki ya yi ta kokawa da ita, mai saurare ya gaji ya ƙarasa masa, sau da yawa kuma ya ƙarasa ba daidai ba. Don haka ya rage magana har ta kusa ƙarewa. In mai aiki ya zo shago, sai ya miƙa masa fensir da guntun katako ya zana abin da yake so. Matarsa takan ce mijinta bai taɓa yi mata faɗa ba, kuma ba haƙuri ne ya jawo ba, kafin faɗan ya gama fitowa ta gama wanke-wanke ta bar wurin. Shi ma dariya yake yi.

Wata rana ya je kafa kantar littattafai a gidan wani tsohon shugaban makaranta da kowa yake kira Hedimasta. A bangon ɗakin ya ga keken tsere rataye, siriri, tayoyinsa kamar yatsa, kansa a lanƙwashe zuwa ƙasa. Ya manta da gudumar da ke hannunsa. Hedimasta ya sauko masa da shi ya ce ya ɗaga ya ji. Kafinta ya ɗaga da yatsu biyu, ya girgiza kai.

"Duk Asabar muna fita, mu goma sha biyu," in ji Hedimasta. "Ka zo da naka mu ga ƙafarka."

Ya je da baƙin kekensa da takalmin shago. Ya tarar da mutane sanye da hular kwano da matsattsun riguna, akwai likita, akwai ma'aikacin banki, akwai wata malamar asibiti, da wani dogon tela da ake kira Dogo, wanda bakinsa ba ya hutawa. Dogo ya dubi keken ya ce, "Wannan tura shi za a yi ko ja?" Aka yi dariya. Kilomita arba'in suka yi ranar, Kafinta bai bar su sun tsere masa ba ko sau ɗaya.

Amma ya yi ɓarna. Ya riƙa cusa tayarsa ta gaba gefen tayar wanda ke gabansa. Ya ga rami ya kauce ba zato, likitan da ke bayansa ya faɗa ciki. Da akuya ta leƙo bakin hanya ya danne birki gaba ɗaya, saura ƙiris mutum uku su hau kansa. Da suka tsaya shan ruwa, Hedimasta ya ja shi gefe.

"Ƙarfi kam kana da shi, Kafinta. Amma na bayanka ba ya ganin hanya, bayanka kawai yake gani. Idonka ne idonsa. Ka ga rami, ka nuna ka kuma faɗa. Za ka rage gudu, ka sanar. Tayarka ta tsaya bayan ta wani, kada ta shiga gefenta, don in ya ɗan karkace kai ne a ƙasa. Na gaba kuma shi ke karɓar iska a ƙirji, sauran suna fakewa da shi. Saboda haka karɓa-karɓa muke yi, kowa ya ja nasa rabon ya koma baya."

Kafinta ya gyaɗa kai. Duk ya fahimta. Kalma ɗaya ce ta tsaya masa a rai: ka faɗa.

Hedimasta ya ba shi wani tsohon keken tsere da ya daɗe a ɗakin ajiya ba sarƙa ba birki. Wata biyu Kafinta yana haɗa shi a bayan shago, tsakanin tarin katako da tukunyar manne. Ya koyi bin taya da tazarar da ba ta wuce taki biyu ba. Ya koyi sassauta gudu da daina taka feda maimakon kama birki. Ya koyi shan ruwa ba tare da keken ya karkace ba. Cikin shekara guda babu wanda ya fi shi tafiya a miƙe. Abu ɗaya ne ba ya yi. Duk lokacin da layi ya juyo har ya kusa kai shi gaba, sai ya zame gefe ya koma ƙarshe. Yana tuna yadda "rami" take maƙale masa a kan harshe, yana lissafin cewa kafin ta fito mutum biyar sun riga sun faɗa.

An yi ta haƙuri har ranar da iska ta yi musu tsaye a hanyar dawowa. Kowa ya ja har numfashinsa ya ƙare. Da suka sauka, Dogo ya cire hula ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Akwai masu ƙarfin doki a nan da ba su taɓa sanin ɗanɗanon iska ba. Mu mu yi gumin, su su sha inuwa."

Kafinta ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa, ya rufe. Ya hau kekensa ya tafi gida.

Asabar biyu bai fita ba. Matarsa ta lura da keken jingine a tsakar gida, ƙura ta fara hawa sirdin.

"Baban yara, me suka yi maka?"

Ya ɗauki lokaci yana gaya mata, ita kuwa ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba tun aurensu. Da ya gama ta ce, "To su sun san dalilinka? Ni shekara nawa na yi kafin in san shirunka na fushi da shirunka na yunwa? Ka je ka gaya wa tsohon nan. In ta ɗauke ka awa guda, ai ya yi ritaya, ba inda za shi."

Ya je. Hedimasta ya saurare shi har ƙarshe, hannuwansa a kan gwiwa. Sannan ya ce laifinsa ne da bai gane ba, alhali shekara talatin ya yi a gaban aji. Ya ce, "Hannu ya fi baki sauri. Kai ka nuna, na bayanka ya faɗa da baki. Zan gaya musu."

Kafinta ya ɗauki abin kamar aikin da aka ba shi da awo. Yatsa ƙasa a dama, rami a dama. Tafin hannu a buɗe ta baya, ana rage gudu. Hannu a karkaɗe a ƙasa, tsakuwa ko yashi. Hannu a bayan ƙugu yana nuna gefe, a matsa, akwai mota a tsaye. Ya riƙa gwadawa a hanyar shago shi kaɗai, har a gida. Matarsa ta ce wata rana tana kawo abinci ya nuna mata kujerar da ke hanya da yatsa, ita ma ta amsa masa da "rami a dama".

Ranar da ya fara jan ayari, Dogo ne a bayansa. Kafinta bai ƙara gudu don nuna ƙarfi ba, kamar yadda sababbi suke yi su tarwatsa layi. Ya riƙe gudun da ya tarar, ya saka ƙirji a iska, ya ja kilomita shida, gudun ba hawa ba sauka. Hannunsa yana nuna rami tun da saura nisa, Dogo yana faɗa da babbar murya. Da ya zame ya koma baya, malamar asibitin ta ce masa tana wucewa, "Bin tayarka kamar zama a kujera." Dogo bai ba shi haƙuri da baki ba. Ranar Litinin dai ya aiko shago da riga irin ta ayarin, ɗinkin hannunsa, daidai kafaɗar Kafinta ba tare da ya auna shi ba.

A shekara ta huɗu ne abin da ake yawan ba da labarinsa ya faru. An yi ruwa, suna saukowa wata doguwar gangara mai kwana a ƙasa, Kafinta a gaba. Yana shiga kwanar ya ga wata tifa ta zubar da tsakuwa ta rufe rabin kwalta. Gudun ya yi yawa, hanya da santsi, in ya saki hannu ɗaya daga birki shi ne farkon faɗuwa. Mutum goma sha biyu suna bayansa, babu wanda ya ga komai. Ya buɗe baki da dukan ƙarfinsa.

Kalmar ba ta fito ba. "Tsa-tsa-tsa" kawai ya yi ta fita, da ƙarar da bai san yana da ita ba. Amma shekara huɗu suna tafiya da shi ba su taɓa jin muryarsa a kan keke ba. Dogo ya kama birki a hankali yana ihun a rage, na bayansa ya karɓa, layin ya buɗe, suka bi Kafinta ɗaya bayan ɗaya ta siririn wurin da tsakuwa ba ta kai ba. Babu wanda ya taɓa ƙasa.

Suka tsaya a gefe. Kunya ta kama Kafinta don kowa ya ji in'inarsa a fili. Likita ya sauka ya je ya dubi tarin tsakuwar, ya dawo ya riƙe hannun Kafinta da hannu biyu. Dogo ya ce, "Ni ban san me kake faɗa ba, amma na san in kai ka yi magana, lallai akwai magana." Sannan suka ari shebur a wani gida da ke kusa suka kwashe tsakuwar daga hanya, don masu zuwa bayansu.

Yanzu Kafinta ya haura hamsin da biyar. Furfura ta fito masa a ƙarƙashin hular kwano. Duk wanda ya zo sabo, bayansa ake sa shi na wata guda, kuma yawancinsu ba su san yana da in'ina ba sai an tsaya shan ruwa. Ayarin ya kai mutum talatin, har an raba shi biyu, masu sauri da masu tafiya a hankali. Dogo ya so ya ja shi cikin masu sauri, ya ƙi.

Hedimasta ya kusa tamanin, gwiwarsa ta fara gardama. A shimfiɗaɗɗiyar hanya yana nan yadda yake, amma akwai wani tudu kusa da inda suke juyowa da yake cinye masa numfashi. 'Ya'yansa sun ce ya ajiye keke, ya ce zai duba. Duk Asabar in an iso gindin tudun, Kafinta yakan bar gaba ya zamo gefen tsohon, ya ɗora tafin hannunsa na dama a tsakiyar bayansa, ya riƙe kan kekensa da hagu, ya tura su biyu har sama. A can Hedimasta yakan tsaya ya huta ya ce wa sababbi yau ƙafarsa da ƙarfi, su kuwa su ce sun gani. Kafinta ya sha ruwa, ya duba ko kowa ya iso, sannan ya ɗaga hannu a ci gaba.