Da Rai, Da Sauran Dare

Na manta da abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina su, amma ban taɓa mantawa da daren Litinin ɗin da ta biyo bayan ƙaramar sallah ta 1969 ba. Ku da kuke shiga ruwa yanzu da inji da tocila, bari in fara da yadda aikin yake a lokacin, don in ban yi haka ba za ku ce tsoho ya fara ƙarin gishiri.

Ni haifaffen Aboabo ne, wata unguwa a Kumasi. Sunana Isiyaku, amma a Zongo Issaka ake ce mini. Maigidana a sana'a shi ne Baba Gado, Basarke daga Yawuri, wanda ya zo Kumasi tun ba a haife ni ba. Shi ne mai garin wani ƙauye na bakin tafkin Bosomtwe ya yanka wa wurin su a cikin ruwa, abin da ba a saba yi wa baƙo ba. Shi ne mai raga, ni mataimakinsa. Ran Litinin mu hau mota daga Kumasi, mu sauka a kan tudu, mu gangara da ƙafa. Kwana huɗu muna kamun karfasa, matan ƙauyen suna yi mana banda, ran Juma'a da sassafe mu hauro da kwanduna don mu riski masallaci a Zongo.

Tafkin yana da dokoki uku, kuma mutanen wurin ba sa wasa da su. Ta farko, ƙarfe ba ya taɓa ruwan, jirgi ma ba ya shiga. Wani katako ne mai kauri, padua suke ce masa, ka hau shi kamar ka hau jaki, ƙafafunka a ruwa, kana tuƙi da sakaina a kowane hannu. Ragar ma da duwatsu ake nauyaya ta. Ta biyu, mutum ba ya shiga shi kaɗai da dare. Ta uku, wurin da ya yi sati uku babu raga ya koma hannun mai gari, ya ba wanda ya ga dama.

Dokar ta biyu ba camfi ba ce. Karfasa da dare take matsowa, don haka bayan isha muke shimfiɗa raga, kowa ya tsare bakinta ɗaya, sai gab da asuba a janye. Tsakanin nan babu abin yi sai zama. Ruwan da ɗumi, katakon yana lilo da kai a hankali, barci kuwa ɓarawo ne. Wanda ya gyangyaɗa ya zame, raga ta naɗe masa ƙafa, shi ke nan sai dai a yi masa addu'a. Saboda haka Baba Gado yana da tsarinsa. Lokaci-lokaci zai ɗaga murya daga can cikin duhu ya ce, "Issaka, da rai?" Ni kuma in ce, "Da rai, da sauran dare!" In an jima ni in kira, shi ya amsa. Shekara tara muna haka.

Dole in faɗi laifina a nan, tunda shi ya sa labarin ya zama labari. Shekara huɗu kafin wannan dare, katakona ya tsage. Maimakon in jira a sassaƙa mini sabo, sai wayo ya ɗebe ni. Na karɓo ƙusa uku wurin wani abokina kafinta a unguwar Anloga, na buga, na shafe kansu da laka. Wa zai gani? Ashe akwai wani dattijon masunci, Opanin Kwaku, wanda wurinsa yake maƙwabtaka da namu. Da safe ya zo wucewa, ya shafa katakon da tafin hannu sau ɗaya, ya tsaya. Ranar hankalin ƙauyen ya tashi. Baba Gado, da furfurarsa, ya cire hula ya durƙusa gaban mai gari, ya ba da tunkiya, aka ƙone katakon. An yafe mana a baki. Amma daga ranar Opanin Kwaku bai ƙara amsa gaisuwata ba, sauran masunta kuma suka raɗa mini suna Kramo Mai Ƙusa. Kramo shi ne abin da suke kiran Musulmi.

Ana cikin azumi a ƙarshen shekarar 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. Ni ina da takardar haihuwa. Baba Gado kuwa, da ya fi shekara talatin a Kumasi, ba shi da komai sai shaidar mutane, ita kuma ba a karɓarta a ofis. Na raka shi tasha. Tabarma, buta da akwati ɗaya, su ke nan kayansa. Da ya hau bayan babbar mota sai ya sunkuyo ya riƙe hannuna.

"Issaka, raga taka ce. Wurin nan kuwa da gwiwata na roƙe shi, sau biyu. Kar ka bari ya mutu."

"In sha Allahu, Baba."

Motar ta tashi. Ban yi kuka a tasha ba, sai da na koma gida na ga ragar rataye a zaure.

Ban taɓa ganin sallah irin ta waccan shekarar ba. Layinmu gida-gida kwaɗo a ƙofa. Sahun da muke cika shi har waje, ranar ana ta cewa a matso gaba. Ni kuma ina lissafin kwanaki, don ran Talata wurinmu zai cika sati uku babu raga. Na zaga Aboabo ina neman wanda zai bi ni. Waɗanda suka iya ruwa sun tafi, waɗanda suka rage suna tsoron hanya saboda ana tare motoci ana tambayar takarda. Na je har Suame, unguwar makanikai, wurin wani ƙanin abokina, ya ce shi da ya bar gareji ya hau katako gara ya koma ƙauye noma.

Matata Hawa ta tare ni a ƙofa ran Litinin. "Issaka, kar ka je kai ɗaya. Ruwan nan ba shi da mama, ba shi da papa." Na ce mata zan samu wani a can. Ƙarya na yi, ita ma ta san ƙarya ce.

Da na isa ƙauyen na tambayi masunta uku. Na farko ya ce ƙafarsa na ciwo, na biyu ya ce yana da abokin shiga, na uku bai ɓoye ba, ya yi dariya ya ce, "Kramo, ƙusa nawa ka kawo yau?" Na shiga bukkarmu na yi magariba da isha ni kaɗai, ga shimfiɗar Baba a naɗe a gefe. Da ƙauyen ya yi shiru na ɗauki raga na tura katako. Na san na karya doka, kuma in aka gane, wurin ya tafi. In ban shiga ba ma ya tafi.

Shimfiɗa raga ba abokin shiga aiki ne, amma na yi. Zaman ne ya gagare ni. Babu wata. Duwatsun da suka kewaye tafkin sun yi baƙi ƙirin, ba ka jin komai sai ruwa yana lasar katako. Ban taɓa sanin tafkin nan yana da faɗi haka ba. Na yi tasbihi, na karanta abin da na haddace, na ciji leɓe, na watsa ruwa a fuska. Kaɗaici ya danne ni har na ji da ma ni ma ba ni da takardar, da yanzu ina bayan mota tare da mutanena.

Ban san lokacin da kaina ya sunkuya ba. Na dai farka na ji ruwa a ƙirjina, sakaina ɗaya ta suɓuce, yatsun ƙafata suna taɓa igiyar raga. Na rarrafo na koma kan katakon. Bakina ne ya yi abin da ya saba, ba da shawarata ba.

"Baba, da rai?"

Sai da na faɗa na tuna, kunya da baƙin ciki suka kama ni. Can daga hagu, cikin duhu, wata murya mai kauri ta taso, tana tauna Hausar da ƙyar.

"Da rai. Da saura dare."

Na yi a'uziyya. Muryar ta sake cewa, "Kramo! Kai ma da rai?" A nan na gane Opanin Kwaku ne. Na amsa masa. Haka muka yi ta yi har asuba, ya kira in amsa, in kira ya amsa, ba mu ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Da lokacin janye raga ya yi sai ga katakonsa ya matso, ya kama ɗaya bakin. Karfasar ba ta cika kwando ba.

A bakin ruwa muka tarar da kakakin mai gari da sandarsa, an riga an kai masa labarin na shiga ni kaɗai. Ya tambaye ni da Asantanci, "Da wa ka shiga?" Kafin in buɗe baki Opanin Kwaku ya ce, "Da ni." Kakakin ya dube shi, ya dube ni, ya juya ya tafi. Wa zai ƙaryata dattijo?

Na durƙusa zan yi godiya, ya ɗaga mini hannu. Ya ce ɗansa da suke shiga tare ya daɗe da zama abokin shiga na suna kawai, da zarar an shimfiɗa raga sai ya koma gida ya kwanta. "Shekara da shekaru ihunku ne yake hana ni barci," in ji shi. "Sati uku ruwa shiru. Sau biyu na kusa faɗawa ciki." Daga nan ya sunkuya ya shafa katakona da tafin hannu, daga kai har gindi, yana neman ƙusa. Haka ya riƙa yi kowace yamma har shekara shida da muka yi muna shiga tare.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan raga da katako duk ana sakewa, amma wanda zai amsa maka cikin duhu ba a sayensa a kasuwa, kuma ba kai kake zaɓensa ba. In kun shiga ruwa ku ɗaga murya, ba ku san wanda yake rayuwa da ita ba.

Baba Gado kuwa ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na aika saƙo Yawuri sau uku ta hannun fataken goro, babu wanda ya dawo da amsa. Abu ɗaya nake so a gaya masa, cewa wurin bai mutu ba.