Wayar Bitrus Tana Shiga, Mu Muna Bukuru

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Bitrus, direban da ke ɗauko mana kaya daga kudu zuwa kasuwar Katako a nan Jos. Abokina ne tun muna samari. Na so in yi shiru da maganar a wannan karon, don wallahi na gaji da ita, amma wani abu ya taso mini da ita.

Bitrus yana da halin direbobinmu duka. Ka kira shi yana can Akwanga, da sauran tafiya mai nisa, ya ce maka, "Oga, ga ni a Bukuru, na kusa." Ba mu ɗauke ta ƙarya ba, kwantar da hankalin mai jira ce. Ranar da abin ya faru ma haka ya gaya wa matarsa, Maman Rifkatu, don kada ta damu. Daga nan ba a ƙara jin muryarsa ba.

Wayar kuwa tana shiga. Mu kira, ta yi ta ƙara, ba mai ɗauka. Muka bi Bukuru lungu-lungu, gareji da asibiti da ofishin 'yan sanda, tunda can ya ce yake. Muka je ofishin kamfanin layin, wata yarinya mai ladabi ta ce su sayar da layi ne aikinsu, mu yi haƙuri. Sai da batirin wayar ya mutu, sannan makiyaya suka hango motarsa a rami a Hawan Kibo, nesa da Bukuru. Likita ya ce bai cika nan take ba, ya jima da ransa.

Watan jiya wani injiniya mai gyaran ƙarafan sabis ya zo sayen katako, hira ta kai mu can. Ya ce muddin waya tana kunne, tana gaisawa da ƙarfen da ke kusa da ita, kuma kamfani yana gani. In aka gwada ƙarfin sabis daga ƙarafa biyu ko uku, sai a kintaci yankin da take. Ba sai an kafa sabon abu ba, ba sai babbar waya ba, ko 'yar mai tocila irin ta Bitrus ta isa. Shi ya sa, in ji shi, yanzu kamfanoni ke iya bai wa masu motoci da masu agajin gaggawa wannan hidima.

Na ce, "A wancan lokacin fa?" Ya ce ƙarafan dai su ne, tsarin tambayarsu ne ba a shimfiɗa wa irinmu ba.

Da Bitrus na nan, na san tsaki zai yi, ya ce an hana direba sakat. Da mun yi musu, ya ci ni da dariya kamar kullum. Abin da ya rage mana ke nan: dariyar, da 'ya'yan da matarsa ta raina ita kaɗai da sayar da dankali a kasuwar Terminus.

Can na same ta ranar Asabar. Na zaci labarin zai sanyaya mata rai, ko ba komai wasu matan ba za su sha abin da ta sha ba. Ta saurare ni har na gama, tana ta jera dankali.

"Wato lokacin da nake kiran nan, Malam, an san inda yake?"

Na ce na'ura ce ta sani, ba mutum ba.

Ta ce, "Duk shekarun nan, da maganar 'ba wanda ya sani' nake samun barci. Da ka bar ni da ita."