Sista Raka-ni Ta Shiga Ita Kaɗai

Bakwai saura kwata take shigowa asibiti, alhali aikinta sai takwas. Kafin ta ajiye jaka, mutum biyu ko uku sun tsaya mata a ƙofar ɗakin canza kaya. Wannan an jera masa aikin kwana tara babu hutu, waccan an gutsure mata hutun haihuwa. Sai ta zaro biro daga aljihun farar rigarta ta ce, "Ɗaya bayan ɗaya, jama'a, kunnena biyu ne kacal." Shekara goma sha tara tana wakiltar ƙungiyar ma'aikatan lafiya a wurinmu, aikin sa kai, a kan aikinta na jinya a ɗakin mata.

Dokar asibitin ta ce duk wanda kwamitin ladabtarwa ya kira, yana iya zuwa da mutum ɗaya daga ƙungiya ya zauna gefensa. Daga nan ta sami sunan, don duk wanda takarda ta sama, kalmarsa ta farko "Sista, raka ni." Mijinta kan yi mata tsiya wai shi ma zai yanki katin ƙungiya ko a riƙa sauraronsa a gida.

Ku tambayi Inna mai shara. Allura ta soke ta a cikin ledar shara, aka ce sakacinta ne, za a sallame ta. Sista ta shiga kwamiti da gorar ruwa cike da tsofaffin allurai, ta dire ta a tebur. "Ranka ya daɗe," ta ce wa shugaban, "ga akwatin allurarmu. Wata biyu muna roƙon na gaske." Inna tana bakin aikinta har yau, akwatunan kuwa kafin mako ya zagayo sun iso.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma wallahi da nauyin zuciya nake rubuta shi.

Bara kujerar shugabar ɗakin mata ta zama babu kowa. Sista ce a kan gaba, kuma ita ce damarta ta ƙarshe kafin ritaya. Ta so kujerar nan, ba ta ɓoye ba. Wata safiya aka kira direban motar marasa lafiya gaban kwamiti ba shiri, ya zo mata da gudu ya ce ta raka shi. Ta ce wa abokiyar aikinta ta riƙe mata gadajenta na awa ɗaya. "Je ki, Sista, ina nan," in ji abokiyar. Haka muke yi kullum, da baki, ba wanda ke tsayawa rubutawa a littafin miƙa aiki. Mai duba aiki ya zagayo, babu Sista, babu komai a littafi. Ko majinyaciya ɗaya ba ta rasa maganinta ba, amma aka rubuta cewa ta bar bakin aiki. Wannan karon sunanta ne a jikin takardar.

Duk mun san ranar. Da safen ta tsaya a ƙofar ɗakin shan shayi, fayil a hannu.

"Yau ne fa," ta ce.

"Allah ya ba da sa'a, Sista," muka ce. Wani har da dariya: "Ke da kika fi su sanin doka? Su za a tausaya wa!"

Ta yi ɗan murmushi. Ta ɗan jima a tsaye, tana gyara takardun da ba su bukatar gyara. Tana jira ne, kuma bakinta bai saba da roƙon abin da ta saba bayarwa ba. Mu kuwa a kanmu ita ce mai rakiya, bai taɓa zo mana cewa ita ma ma'aikaciya ce da doka ta ba mutum ɗaya ba. Wadda ta riƙe mata gadajen ta sunkuyar da kai cikin kofinta, tsoro ya hana ta motsi. Da ɗayanmu ya shiga ya ce haka kowa ke yi, da maganar ta mutu a nan. Ta shiga ita kaɗai, ta fito da takardar gargaɗi a fayil. Kujerar aka ba wata da Sista ta koya wa ɗaura ruwa.

Washegari bakwai saura kwata tana ƙofa da bironta.

Ke ce garkuwar marasa baki, Sista. Ke ce kika hana a ci mutuncin ƙananan cikinmu, mu kuma muka bar ki ranar da kike bukatarmu. Mun ji kunya, kuma muna neman gafararki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu cikin lafiya.

Shekaranjiya muka yi mata taron ban kwana. Da aka gama jawabai ta miƙe ta ce, "Na gode, 'yan'uwa. Amma ranar Talata an kira ƙanwarku ta ɗakin haihuwa gaban kwamiti, ni kuwa ba ni da izinin shiga yanzu. Wa zai zauna kusa da ita?"

Kowa ya kalli na kusa da shi.

Abokan aiki, in da gaske muke wannan godiya, takardar neman sabon wakili tana jikin allon sanarwa, mako uku babu suna ko ɗaya. Talata kuwa jibi ce.